Sawun Nest a Kan Rufin Plas Nantaur

Kan zalɓen da ke jikin silin ya faɗo ranar Talata da hantsi, lokacin da babu kowa a zauren. Idwal Gittins yana ƙofar kicin yana kakkaɓe laka daga takalminsa ya ji ƙarar, 'yar ƙara ce kamar an saki faranti a can cikin gida. Bai tambayi kowa ba. Ya ajiye hularsa a kan benci ya nufi Zauren Tsuntsaye yana jan ƙafar hagu, domin shekara talatin da biyu ke nan yana jiran wannan ƙarar.

Uwargida Elinor ta riga shi isa. Ita kaɗai ta rage a iyalin Bledri masu gidan, shekararta tamanin, kuma a cikin ɗakuna arba'in da uku biyu kawai take iya ɗumamawa. Tana tsaye da sandarta, sanye da rigar ulu biyu ɗaya a kan ɗaya, tana kallon farin garin da ya watsu a kan katakon ƙasa.

"Ka ga abokinka, Idwal."

"Na gani, ranki ya daɗe."

"Tun ina 'yar shekara biyar nake tsoron kada ya sauko ya tsone mini ido. Ashe shi ma jira yake in tsufa." Ta tura guntun bakin tsuntsun da kan sanda. "Jiƙe yake sharkaf. Daga ina ruwan nan yake zuwa? Ba kai ne kake ce mini rufin nan ko ɗigo ba ya ratsa shi ba?"

"Gidan ne ya tsufa, ranki ya daɗe."

"Ni ma na tsufa, amma ban fara yoyo ba tukuna."

Idwal ya ɗaga kai ya dubi silin. A shekarar 1691 wasu 'yan'uwa biyu magina suka kwanta rigingine a kan katako shekara uku, suna murza farar ƙasa da gashin shanu, har suka fitar da duk tsuntsun da ke kwarin Nantaur: mujiya, shaho, agwagwar ruwa, tsattsewa, kowanne da gashinsa ɗai-ɗai. Zalɓen suka sa a tsakiya, ya miƙo wuya ƙasa tsawon hannu guda. Shi mutane suke cika motoci suna zuwa gani daga Afrilu zuwa Oktoba, su sayi tikiti, su tafi da ciwon wuya. Yanzu wuyan ya ƙare a wani dungu mai ruwan toka, kuma daga dungun wani tabon danshi ya bazu har ya taɓa fiffiken mujiya.

"Na kira masu kula da tsofaffin gine-gine," in ji Uwargida. "Za su turo injiniya ranar Juma'a. Ka hau da ita sama, ka nuna mata komai."

"To, ranki ya daɗe."

Plas Nantaur gida uku ne da aka tilasta wa zama tare. Na farko shi ne tsohon zaure na baya, gajere mai kaurin bango, wanda wani Bledri mai tumaki ya gina da arzikin ulu a wajen 1580. Jikan jikansa ya auro 'yar masu hali, ya ji kunyar zauren kakanni, sai ya manna masa dogon gini a gaba mai taga tara a jere, biyu daga ciki ma zane ne da fenti don kawai jerin ya yi kyau a idon baƙo. Daga baya wani ya kuɗance a haƙar dutsen rufi, ya ga ai gidan sarauta ba ya cika sai da hasumiya, ya dasa ta a kusurwa har da ƙananan tagogin harbi, alhali rabon kwarin da yaƙi kowa ya manta. Dukansu an zana hotunansu an rataye a matakala, kowa da hannu a ƙugu. A cikinsu babu wanda ya taɓa tambayar inda ruwan sama zai bi, a ƙasar da ake ruwa kwana huɗu cikin bakwai.

Inda ruwan yake bi shi ne wurin da rufin nan uku suka haɗu, wani fili mai faɗin ɗaki a bayan bututun hayaƙi, wanda ba a hangowa daga ƙasa. Ma'aikata suna ce masa Kwano. Da dalma aka lulluɓe shi, kuma daidai ƙarƙashinsa Zauren Tsuntsaye yake. Gidan su Gittins ne suke riƙe da Kwano tun kakan kakan Idwal.

Dalma tana motsi, wannan shi ne farkon karatun sana'ar kuma kusan shi ne ƙarshensa. Rana ta buga ta miƙe, sanyi ya sauko ta tsuke. Shi ya sa ba a shimfiɗa fallen da ya fi tsawon mutum, kuma ba a liƙe falle da falle. Naɗe bakin wannan ake yi a kan na wancan, a bar musu wurin motsi. Idan ta yi shekara ɗari ta gaji, sai a kware ta gaba ɗaya, a narke a babbar tukunya a tsakar gida, a zuba a kan shimfiɗar yashi ta zama sabon falle, a mayar sama. Dalmar da ke kan Kwano ita ce dai ta farko, sau uku ta sauko ta koma.

Akwai kuma al'adar sawu. Duk wanda ya yi aikin rufin har ya ga lokacin sanyi guda a kansa, yakan taka dalmar ya zagaye takalminsa da tsinin ƙusa, ya rubuta sunansa da shekara a ciki. Masu gida ba su san da wannan ba, don ba sa hawa. Su suna da hotunansu a matakala, ma'aikata suna da sawunsu a sama. Idan lokacin narki ya zo, sawu yana shiga tukunya tare da komai, ba wanda yake zubar da hawaye a kai. Uban Idwal yakan ce ai can ne mazauninsu, su koma cikin rufin su ci gaba da tare ruwa.

Nest tana aikin kicin ne a gidan lokacin da Idwal yake ɗan shekara ashirin da uku. Ita ce ta ce masa ai ita ma ta ga sanyi uku a gidan nan, har hannunta ya tsattsage da wanke-wanke, don me sawu zai zama na masu wando kaɗai? Wata Lahadi a watan Yuni na 1974, bayan an taso daga coci, ta bi shi ta ƙofar rufi da takalminta na ado, mai tsinin baki da ɗan dunduniya. Ta taka fallen da ke can kusurwa kusa da bakin indararo, ta dafa kansa don kada ta zame, shi kuma ya durƙusa yana zagayawa da ƙusa.

"Kada ka yi mini ƙatuwar ƙafa irin taka," ta ce.

Da ya zo rubuta suna, ta ce ya sa Nest Gittins. Bai ma buɗe baki ya nemi aurenta ba tukuna. Haka ya san an ba shi.

Shekara goma sha shida suka yi da aure. Ta rasu a watan Fabrairu na 1991, bayan jinyar da ta mayar da ita kamar tsinke, kuma a Yunin shekarar narkin Kwano ya faɗo. Idwal ne shugaban aiki. Ya kware sawun kakansa ya sauke, ya kware na ubansa, ya kware nasa, ko a jikinsa. Da aka zo fallen kusurwa sai ya ce wa ma'aikatansa biyu su sauka su sha shayi. Ya bar fallen a wurinsa. Tsohuwar dalmar ta yi siriri, bakinta ba zai naɗu ba sai ya karye, don haka ya ɗauko ƙarfen liƙi ya haɗe ta da sabuwa, suka zama falle ɗaya mai tsawon mutum biyu. Ya san abin da ya aikata tun kafin ƙarfen ya huce.

Sanyi uku ta ɗauka kafin ta tsage. Ya yi mata faci. Shekara ta zagayo, ta tsage a gefen facin, ya ƙara wani. Daga nan abin ya zama sana'arsa ta biyu, wadda ba wanda ya sani: faci duk bazara, sannan bokiti a cikin kogon da ke tsakanin rufi da silin. Bokiti ɗaya ya zama biyu, aka ƙara baho. Matakalar ma'aikata taka casa'in da huɗu ce daga kicin zuwa kogon, kuma duk ranar da aka wuni ana ruwa sai ya hau sau biyu ya sauko da ruwan ya zubar a magudanar bene na uku. Bai taɓa kwana a wani gari ba tun daga lokacin. 'Yar ƙanwarsa ta yi aure a Abertawe, ya ce bayansa ne ke ciwo. Mutanen kwari suna cewa Idwal ya auri gidan bayan Nest, shi kuwa ya bar su da zatonsu.

A Janairun bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi mako uku, kuma mako ukun nan sama ba ta ɗauke ba. Yana kwance yana jin ruwa a taga, ya san ranar da bokitin farko ya cika, ya san ranar da baho ya tumbatsa. Ruwan ya jiƙa siraran katakon da ke riƙe da zalɓe. Wata tara tsuntsun ya yi yana haƙuri.

Ranar Alhamis da rana ya tashi da niyyar ya hau ya kwashe bokitan ya ɓoye. Ba wuya ba ne, a ce guguwa ce, a ce tsufa ne, wa zai ƙaryata Gittins a kan Kwano? Ya kai taka arba'in ya zauna a kan matakala yana haki, gwiwar tana zugi. Ya daɗe a zaune yana kallon bango. Daga nan ya sauko abinsa. Ba zai yi wa kansa ƙarya ya ce tsoron Allah ne ya hana shi ba. Gajiya ce kawai, ya gaji har cikin ƙashi.

Injiniyar ta zo Juma'a da safe cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa. Sunanta Heledd Beynon, ba za ta wuce arba'in ba, gajeriya mai saurin tafiya, da fitila a goshi da wata 'yar na'urar auna danshi a aljihu. Ta ƙi shayin kicin, ta karɓi yankan burodin zabibi ta ci a tsaye. A matakala ta lura da ƙafarsa, sai ta riƙa tsayawa tana duba bango kamar akwai abin gani, don ya samu ya huta. Ya gane, kuma bai ji daɗi ba.

A cikin kogon ta haska fitila ta tsaya.

"Baba Gittins, wa yake kiwon bokitai a nan?"

"Ni ne."

Ta ɗaga ɗaya. Gindinsa ya ci katakon har ya yi masa zobe mai zurfin ɗan yatsa. Ta shafa zoben, ta dubi Idwal. Ta tura ƙofar rufi suka fita.

Iska tana kaɗawa daga tudu, da ɗan yayyafi, tumaki sun watsu a gangare kamar an zubar da shinkafa. Heledd ta bi Kwano a tsugune tana shafa naɗin fallayen ɗaya bayan ɗaya, har ta yi 'yar dariya.

"Wa ya yi wannan naɗin? Na hau rufi ya fi ɗari biyu, ban ga mai kyansa ba. Kamar da reza aka ja shi."

"Ni na yi, a casa'in da ɗaya."

"To hannunka ya yi albarka, Baba."

Ta ci gaba har ta kai kusurwar indararo. Nan dariyar ta ɗauke. Ta fito da awo ta gwada tsawon fallen, ta sake gwadawa. Ta bi layin liƙin da yatsa, ta dubi tarin facin da ya hau kan juna ya yi tudu.

"Wannan kuma wane ɗan koyo ne ya yi maka ɓarna? An liƙe tsohuwa da sabuwa. Ai ko yaron da ya fara jiya ya san ba a haka."

"Ni ne dai."

"Haba, Baba. Hannun da ya yi wancan ba zai yi wannan ba."

"Hannu ɗaya ne, 'yata. Rana ɗaya ma."

Ya jingina da bututun hayaƙi ya faɗa mata. Bai yi ado a maganar ba, kuma abin ya ba shi mamaki yadda shekara talatin da biyu ta shige cikin minti biyar. Al'adar sawu ta san ta, ta sha gani a rufin coci-coci. Ya gaya mata na Nest, da takalmin Lahadi, da Fabrairu, da shayin da ya tura ma'aikatansa sha.

"Sawun matata ne a nan," ya ce. "Na kasa sa shi a tukunya."

Heledd ta sake durƙusawa. Ta goge gansakuka da hannun rigarta, ta kunna fitilar goshi duk da rana ce, ta karkata kai ta wannan gefe da wancan. Ta daɗe tana dubawa, irin daɗewar mai son ya ga abu don kada ya ɓata wa wani rai.

"Ina ne, Baba? Nuna mini."

"Ga shi nan gabanki."

"Wallahi ban gani ba."

Ransa ya ɗan ɓaci. Ya saki bututun, ya dafa kafaɗarta ba tare da neman izini ba, ya sauke gwiwar mai ciwo a kan dalma mai sanyi. Ya miƙa yatsa zai nuna mata tsinin takalmin, sai yatsan ya sauka a kan faci. Facin shekarar casa'in da huɗu ne, ya gane shi. Ya matsa zai nuna sunan, nan ma faci ne, biyu ma, ɗaya a kan ɗaya. Duk bazara tsagar yake dubawa, ita yake bi da ƙarfen liƙi duk inda ta nufa, kuma ashe ta cikin sawun ta riƙa bi. Ya shafa ko'ina. Abin da ya rage ɗan lanƙwasan dunduniya ne, bai fi yankan farce ba, da rabin lamba huɗu ta ƙarshen shekarar a gefensa.

Shi kuwa duk hawan da ya yi yana ganin sawun cikakke, da tsininsa, da sunan, har da inda ƙusar ta zame lokacin da Nest ta ja masa gashi. Yaushe rabon da ya kasance a wurin, shekara goma, ko ashirin? Bai sani ba. Baƙin ciki ya taso masa, mai nauyi, marar hawaye, ya zauna daɓas a kan dalmar yayyafi yana sauka a wuyansa.

Heledd ta kashe fitilarta. Can ta ce, a hankali, "Zan iya rubuta cewa dalmar ce ta gaji. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya."

"Rubuta abin da kika gani." Ya share fuska da tafin hannu. "Zalɓen fa, zai gyaru?"

"Kan ya tafi. Za a iya yin wani, amma ba na 'yan'uwan nan biyu ba ne, kuma mai ido zai gane. Sauran tsuntsayen, idan aka tare ruwan kafin Nuwamba, za su tsaya. Idan aka ƙara sanyi ɗaya a haka, mujiya ce ta gaba."

"Akwai tamfol a ɗakin kaya, bayan tsani. Ɗauko mana, ƙafarki ta fi tawa."

Kafin ta dawo ya fito da wuƙar dalma daga aljihu ya fara yanka. Tsohuwar dalmar ba ta yi gardama ba. Suka yanka fallen gida shida, suka naɗe, suka sauke biyar da igiya zuwa tsakar gida, suka shimfiɗa tamfol suka danne shi da katako yadda ruwa zai zarce indararo. Guntun kusurwar ne na ƙarshe. Heledd ta riƙe shi a hannu tana juyawa.

"Bari in yanke maka dunduniyar ka ajiye a gida. Ba wanda zai ce komai."

"A'a. Ta makara da shekara talatin da biyu, sauran sawun duk suna cikin rufin suna aiki. Miƙo mini shi."

Ya rungume shi a ƙirji ya sauko taka casa'in da huɗu, yana tsayawa duk bayan goma. Ya ɗora shi a kan sauran, kusa da rumfar da tukunyar narki take kife. Daga nan ya cire hula ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin Uwargida.

Tana zaune kusa da 'yar wutarta da bargo a cinya. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da ba ta saba ba. Da ya gama sai ta juya fuska ga wutar.

"Shekara ɗari uku da talatin tsuntsun nan yana rataye, Idwal. Ya ga gobara biyu, ya ga kakana da bindigarsa cikin maye. Kai ka kashe shi saboda takalmi."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Sawun dai yana nan? In sa a ɗauke ni a kai ni in gani, tunda na biya shi da tsada."

"Babu shi, ranki ya daɗe. Ni na shafe shi da hannuna, ban ma sani ba."

Ta juyo ta dube shi sosai, fushin ya sauka daga fuskarta, gajiya ta maye wurinsa.

"To mun yi asara biyu ke nan," ta ce. "Je ka sha shayi, ka jiƙe."

Ya koma kicin ya zauna a benci. Wajen la'asar yayyafin ya zama ruwa sosai, yana dukan taga. Idwal ya dubi agogon bango, ya ƙiyasta lokacin da bokitin farko zai cika, ya dafa benci ya miƙe, har ya kai hannu ga ƙofar matakala. Ya tsaya a nan hannunsa a kan mariƙin. Yanzu babu abin da zai kai shi sama. Ya dawo ya zauna, ya jawo kofin shayin da ya riga ya huce.